Ɓarawon da Na Ɓoye wa Surukina

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa ina yage takardar, domin duk lokacin da na kai tsakiya sai in ji kamar tonon asirin gidan miji nake yi, ko kuma ina ɗora wani zunubi a kan na farko. Amma abin ya ƙi barina. Akwai ranar da ko na so in manta ba za ta mantu ba: wata Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, a tsakar gidanmu, a gaban fasto da dattawa da matan zumuntar cocinmu, ranar da makaho ya kama ni ina yi wa Littafi Mai Tsarki gyara.

Ni Kirista ce, Bahaushiya, ina aure a wani ƙauye kusa da Gozaki. Noma muke yi, masara da dawa da ɗan waken suya. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, amma Hausa kam ina karanta ta ba tuntuɓe. Gara kuma in faɗa tun yanzu, ni mutum ce mai yawan damuwa. Ina cikin irin matan nan da za su rufe akurkin kaji, su kai ƙofar ɗaki, su koma su duba ko sun rufe. In na gaida mutum ya amsa a gajarce, sai in yini ina binciken laifin da na yi masa. (Maigidana yakan ce da damuwa noma ce, da ni kaɗai na ciyar da ƙaramar hukumarmu ta Kafur.)

Surukina, mahaifin maigidana, wanda kowa ke kira Baba, idonsa ya yi ta raguwa har ya daina gani sam. Bai taɓa shiga aji ba. Da can matarsa ce take karanta masa Littafi, da ta rasu sai aka rasa mai yi. Maigidana in ya ɗauka, kafin ya fitar da aya ɗaya tsohon ya fara gyangyaɗi. Sai aikin ya faɗo kaina. Kullum da la'asar, in na ɗora sanwa, sai in wanke hannu, in gyara ɗaurin kallabi, in je in durƙusa a bakin ƙofarsa. Ba na shiga, ba na zama a tabarmarsa, kun dai san yadda ake tsakanin mace da surukinta. Yana ciki ina waje, sura ɗaya kowace rana. Bisharu huɗun nan kawai yake so, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya. In mun kai ƙarshe mu koma farko.

A cikinsu duka akwai wuri ɗaya da yake jira, a cikin Luka. Wurin da aka gicciye Yesu tsakanin ɓarayi biyu, ɗaya ya yi masa baƙar magana, ɗayan ya tsawata wa ɗan'uwansa, ya amsa laifinsa, ya roƙi a tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a wannan rana. Duk sanda muka zo nan sai Baba ya ce, "Tsaya, ɗiyata. Maimaita." In na maimaita sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni ke nan. A ƙurarren lokaci na shigo, kaina ya riga ya yi furfura. In an karɓi wancan, ni ma za a karɓe ni."

Na san Baba ya yi yawancin rayuwarsa yana Bamaguje, sai da ya manyanta aka yi masa baftisma. Iyakar abin da na sani ke nan, domin daga wani ƙauye aka kawo ni, kuma ba wanda ke zaunar da suruka ya ba ta tarihin surukinta. Sai na ɗauka a raina cewa begen tsohon nan gaba ɗaya a kan ɓarawon nan yake tsaye, kamar rumfa mai dirka ɗaya.

Ina da ƙane, Haruna, malamin makaranta ne a Funtuwa. Shi ne ya yi karatu mai zurfi a gidanmu, a Zariya. Bayan ya dawo sai ya daina zuwa coci. Ba ya zagin kowa, ba ya gardama a kasuwa, ya dai daina zuwa kawai. Wata rana muka haɗu a gidan mahaifiyarmu, ni kuwa na tsare shi da faɗa irin na yaya.

Ya ce, "Yaya, ba giya ce ta hana ni ba, ba kuma mata ba. Karatu ne."

Na ce, "Wane irin karatu ne yake raba mutum da Allah?"

"Wanda kike yi wa Baba kullum. Ni dai na ajiye su ne kusa da juna."

Ya ciro wayarsa, ya buɗe Littafi a ciki, na Hausa, irin nawa sak. Ya ce in karanta labarin ɓarayin nan a Luka. Na karanta ina murmushi, don kusan na haddace shi. Sai ya buɗe Matiyu ya ce in karanta wurin gicciyewa. A can an ce ɓarayin da aka gicciye tare da Yesu su ma zaginsa suke yi. Su biyun. Ya buɗe Markus, haka. Babu mai tuba, babu roƙo, babu alkawari.

Ya ce, "To Yaya, ɗaya ne ya yi zagin ko biyu? Mutum biyu sun ce duka sun zage shi, mutum ɗaya ya ce ɗayan ya tuba. Wa zan kama?"

Na ce masa wayar ce aka lalata. (Ku gafarce ni, abin da ya zo mini ke nan.) Ya ce in je gida in duba nawa na takarda.

Na duba tun kafin in cire mayafi. Yana nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na sha karanta ayar nan da bakina, ban taɓa lura ba. Tsakanin wannan sura ta Matiyu da waccan ta Luka akwai makonni na karatu, kafin mu kai can na manta da nan. Na ce a raina, in ni mai ido ban lura ba, tsoho makaho ma bai lura ba. Amma yanzu da na sani, sai na ga kamar rawar muryata kaɗai za ta fallasa maganar. Zai ji, ya haɗa, ya ce ashe mutumin nan da na dogara da shi wataƙila babu shi. Ga shi jiki ya ƙi, ƙafafunsa sun fara kumburi. In ya mutu da wannan shakka a zuciyarsa, wa ya jefa masa ita? Ni.

Na yi niyyar tambayar fasto. Har gidansa na je. Na gaishe shi, na gaida matarsa, na tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi awaki. Ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, daddawa na zo nema. Matarsa ta ba ni daddawa na dawo gida. Tsoro nake ji kada ya ce na fara bin sawun Haruna. Wani tsoron kuma da ya fi wannan, kada in tambaya in ga shi ma ba shi da amsa.

Ranar da karatu ya kawo mu wurin a Matiyu, sai na yi tarin ƙarya na tsallake ayar. Na yini na kwana ina zargin kaina, domin na san gargaɗin da ke ƙarshen Littafi a kan mai ragewa da mai ƙarawa. Da muka zo Markus sai na yi wata dabara wadda a lokacin na ga kamar ta fi sauƙi. Ban tsallake ba. Na ce ɗaya daga cikin waɗanda aka gicciye tare da shi ya zage shi. Ɗaya kawai. Na daidaita Markus da Luka, ni da ban wuce aji shida ba.

Baba ya ce, "Hmm." Da na gama ya sa mini albarka kamar kullum.

Shi ke nan na samu hanya. Duk zagayen da muka yi, in rage ɓarawo ɗaya a Matiyu, in rage ɗaya a Markus. Ina ƙirgawa kuwa, mai irin halina ba ya yin laifi bai ƙirga ba: sau tara, cikin shekara guda da 'yan watanni. Kowane lokaci sai in koma madafa in yi addu'ar tuba, ina kuma sane zan sake. Na rame. Matan zumunta suka fara tambayata ko ciki ne. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, gara ni in ɗauki hukuncin da tsoho ya tafi hannu wofi.

Sai bazarar nan ta zo. Zafi ya yi zafi, ana ta kai taki gona ana jiran ruwa. Baba ya kai ga ba ya iya zuwa coci ko a kan babur. Fasto ya ce ranar Juma'a Mai Kyau, in an tashi sujada, za a zo gida a ba shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci. Muka share tsakar gida, muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya, aka fito da Baba aka jingina shi da matashi. Fasto ya zo da dattawa biyu. Matan zumunta suka zo su wajen goma, da shugabarmu Mama Lami a gaba, kowacce da Littafinta a hannu. Haruna ma ya zo hutun Ista wurin mahaifiyarmu, ya biyo ya gaida mara lafiya, ya sami taro, ya zauna can gefe a kan turmi.

Bayan waƙa da addu'a fasto ya dube ni ya ce, "Ke ce idon Baba, ke za ki karanta mana. Buɗe Luka, kowa ya san wurin da yake so."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ce Allah na gode maka. Har na fara buɗewa sai Baba ya ɗaga hannu.

"A'a, Fasto. Yau Matiyu nake so."

Ban san yadda na sami shafin ba. Na durƙusa nesa da tabarmarsa, na fara. Surar doguwa ce, ina karantawa ina hango ayar tana matsowa. Ina ji mata suna bi da yatsa a nasu. In na karanta daidai, Baba zai ji abin da na ɓoye masa, a ranar da ya fi bukatar kwanciyar rai, ya kuma gane na daɗe ina yi masa ƙarya. In na gyara, ga fasto da Littafi buɗe a cinyarsa. Na roƙi Allah ya sa akuya ta kwance, ko wani ya yi sallama, ko in suma. Babu wanda ya faru.

Na zo wurin. Na rage murya, na yi sauri, na ce ɗaya daga cikin ɓarayin ya zage shi.

Na ji yatsun mata sun tsaya. Mama Lami ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau, ta koma ta duba Littafinta, ta sake dubana. Fasto ya yi gyaran murya. Ni kuwa na ci gaba kamar mai gudu a kan ƙaya.

"Dakata, ɗiyata," in ji Baba.

Na dakata.

"Ina kika kai ɗayan?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Ɓarayi biyu ne suka yi zagi a nan. Shekara da shekaru uwar mijinki tana karanta mini, biyu ne. Ke ma da kika fara, biyu ne. Tun bara kike ɓoye mini ɗaya. Ina kika kai shi?"

Wata daga baya ta yi ƙoƙarin danne dariya ta kasa, Mama Lami ta harare ta. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige ban waiwayo ba. A ce suruka ta yi wa surukinta ƙarya, wannan ɗaya. A ce a kan maganar Allah, biyu. A ce makaho ne, ya ba ta amanar idonsa. Littafin ya yi mini nauyi a hannu, na ajiye shi a kan cinyata, na fashe da kuka.

Fasto ya ce a hankali, "Me ya sa kika yi haka?"

Ban iya dubansa ba. Baba na amsa wa, fuskata a ƙasa. Na ce, "Baba, tsoro na ji."

"Tsoron me?" in ji Baba.

"Kada ku ji an ce duka biyun sun yi zagi, ku ce ashe wanda ya tuba babu shi. Shi ne kuke riƙe da shi. Na ga jikinku ya yi rauni, ban so ku tafi da shakka ba."

Baba ya gyara zama. Sai ya juya fuskarsa wajen dattawan ya ce, "Ku kun sani, ita ba ta sani ba. Bari in gaya mata." Ya juyo wajena. "Lokacin da mai bishara ya fara zuwa garin nan, ni ne na hana shi sakat. In ya tsaya wa'azi a gindin tsamiya, sai in zo a buge in tsaya a gabansa ina yi masa waƙar habaici. Ba shi kaɗai nake zagi ba, har wanda yake wa'azinsa. Irin zagin da ba zan maimaita a gaban suruka ba. Na taɓa kwara masa ragowar giya a kan Littafinsa. Da uwar mijinki ta bi su, ranar Lahadi sai in ɓoye mata zane don kada ta fita. Shekara nawa ina wannan? Ku faɗa mata."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "An daɗe, Baba."

"An daɗe. To in kin karanta mini Matiyu, aka ce su biyun sun zage shi, sai in ce ga ni nan. In kin karanta Luka, aka ce ɗaya ya roƙa aka karɓe shi, sai in ce ga ni nan kuma. Ɓarawon da bai taɓa zagi ba, ina ruwana da shi? Ba ɗan'uwana ba ne. Da kika cire zagin, ni kika cire."

Babu wanda ya sake dariya. Ni da nake ganin dirka nake tokara wa rumfarsa, ashe zare ta nake yi.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Haruna, na san kana nan, na ji ƙarar babur ɗinka. Kai ka nuna mata?"

Haruna ya taso daga kan turmi ya tsuguna. Ya ce, "Ni ne, Baba. Ban san haka za ta yi ba. Amma tunda kun tambaye ni, ku ba ni izini in faɗi abin da ke raina."

"Faɗi. Yau ranar faɗin gaskiya ce."

"Abin da kuka ce yana da daɗin ji. Sai dai babu ɗaya cikin masu Bisharun da ya rubuta cewa ɓarawon ya yi zagi da farko sannan ya tuba. Matiyu bai ambaci tuba ba, Luka bai ambaci zaginsa ba. Mu ne muke ɗinke su don kada a ga wurin da ya yage."

Na ɗauka fasto zai yi fushi. Bai yi ba. Ya ce, "Gaskiyarka, ba a rubuta haka a wuri ɗaya ba. Amma sun daɗe a kan gicciyen nan, sa'o'i ne. Mutum yana iya fara yini da zagi ya ƙare shi da kuka. Malamai da yawa haka suka fahimta, ni ma haka na fahimta. Ka taɓa zuwa shari'ar iyakar gona? In shaidu suka zo da magana iri ɗaya sak, kalma da kalma, alƙali cewa zai yi an kitsa musu."

Haruna ya ce, "In kuma ɗaya ya ce biyu, ɗaya ya ce ɗaya, cewa zai yi wani ya yi kuskure."

"Ko ya ce kowa ya faɗi abin da ya kai gare shi."

"Ko ya ce haka," in ji Haruna. "Ni dai ban gamsu ba, Baba Fasto."

Baba ya ce, "To kada ka ce ka gamsu. Ni ban je makaranta ba, ba zan iya kayar da kai ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar mini shi yadda yake. Kai kada ka jefar mini da Luka, ita kada ta gyara mini Matiyu." Ya juyo wajena. "Ɗauki Littafin. Koma baya. Karanta da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Kunnensa lafiya lau yake, kowa ya sani. Na share hawaye da bakin zane, na koma baya, na karanta ayar yadda take, da ƙarfi, har maƙwabta na iya ji. Ban taɓa karanta abin da ya yi mini wuya kamar layi biyun nan ba.

Da aka zo ba da Jibi sai na ja da baya na koma bayan mata. Na ga ban isa ba. Baba ya tambaya ko an ba ni, aka ce a'a. Ya ce shi ma ba zai karɓa ba sai na matso. Na matso da gwiwa na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Ni ma ki yafe mini. Tun ranar farko na ji, da kika yi tarin nan da ba na ciwo ba. Kunya ce ta hana ni magana, yaya zan dubi matar ɗana in ce ta yi ƙarya? Na yi ta jira ki gaji, ba ki gaji ba. Ina jin muryarki tana ƙanƙancewa kullum. Na ce in na mutu ban yi magana ba, na bar ki da kayan da ba mai sauke miki."

Na ce, "Da kun kira ni ni kaɗai."

Ya ce, "Da kin ce ba ki gani da kyau ba ne, ni kuma in ce to. Na san ki, na san kaina."

Gaskiya ya faɗa. Haka da za mu yi.

Maganar ba ta tsaya a gidanmu ba, ƙauye ne. Har yau in na makara zuwa taron zumunta sai Mama Lami ta ce, "A matsa wa lauyar ɓarawo ta zauna." In an ba ni karatu a coci kuwa, ina jin yadda mata ke buɗe nasu da sauri suna bi da yatsa. Ban ga laifinsu ba.

Baba ya ga damina. Ya rasu masara tana fitar da goyo, muna tsakiyar Markus. Har ranar ƙarshe da na karanta masa hankalinsa a kwance yake. Abin da na yi shekara ina tsoro bai same shi ba, kuma ba dabarata ce ta kare shi ba. Ya san bambancin nan tun kafin a kawo ni gidan, ya zauna da shi lafiya.

Ni ce ban zauna lafiya ba. Bayan jana'iza Haruna ya same ni ina wanke tukwane, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Yaya, ba don in tayar miki da hankali ba. Ke mai tsoron Allah ce, kin san gargaɗin, amma tausayi ya sa kika canja magana sau tara. Littafin nan da hannu aka yi ta kwafarsa shekaru masu yawa kafin a sami injin bugawa. Kina ganin a cikin masu kwafar babu mai irin zuciyarki?"

Wannan karon ban je neman daddawa ba. Na je na zauna a gaban fasto na faɗa masa yadda Haruna ya faɗa. Ya yi tunani ya ce, "Zai yi wuya a ce babu. Amma duba, bambancin yana nan har ya iso hannunki. Da gyara suka sa a gaba, ai da wannan suka fara gyarawa. Barinsa da suka yi, ni shi ke sa in amince da su." Da na kai wa Haruna wannan amsa sai ya ce, abin da suka bari muke gani, abin da suka gyara wa zai nuna mana?

A nan nake har yau. Ina zuwa coci, ina karatu, ina addu'a, ina kuma yi wa Haruna addu'a, shi kuma yana kawo mini sabulu da shinkafa in ya zo, ba mu fasa zumunci ba. Darasin da na koya bai da yawa. Na gane Allah bai ɗauke ni aikin gyara masa magana ba, kuma mutumin da ba ya gani ba yana nufin ba ya ji ba ne. Amma tambayar Haruna ta fi ƙarfin aji shida.

Shi ya sa na daure na rubuta. Masu karatu, na san a cikinku akwai waɗanda suka yi makarantar tauhidi, akwai malamai Musulmi da suka nazarci waɗannan abubuwa, akwai kuma masu ra'ayin ƙanena. Ina roƙon wanda ya sani ya sanar da ni. Tsofaffin kwafin da aka rubuta da hannu suna nan har yanzu? In an ajiye su kusa da juna, ana iya gane wurin da wani ya sa hannu ya gyara? A wannan wuri na ɓarayi biyu, an taɓa samun wanda ya yi abin da na yi?

Don Allah wanda zai ba ni amsa ya faɗa mini yadda abin yake, ko da ba zai yi mini daɗi ba. Kada ya ji tausayina ya rage wani abu.